Nakama da “na kama”: tarihin labari a wasannin tara dodanni

Ƴan'uwa, muhawarar da na fi ji tsakanin masu wasan bidiyo ita ce wai labari ɓata lokaci ne: a ba mu dodanni mu kama kawai, surutun mi? Ni dai na ga tarihin wasannin bai goyi bayan wannan magana ba.

Mutane da yawa na zaton daga Pokémon aka fara. A'a. A 1987, a ƙasar Japon, kamfanin Atlus ya ƙera Megami Tensei don na'urar Famicom, kuma daga littafin ƙagaggen labari na Aya Nishitani aka ciro shi. Ke nan labari ya riga tarawa. A wannan wasa ba a jifan aljani da komi. Magana ake yi da shi, ya nemi kuɗi ko kyauta, in ya ga dama ya bi ka, in ya ƙi ya far maka. Wanda ya bi ka ana ce masa “nakama”, wato abokin tafiya da Japananci, sai dai sun musanya harafi guda da na aljani. Kunnen Bahaushe kuwa “na kama” yake ji. Katari ne kawai, amma dukan gardamarmu tana tsakanin waɗannan ma'anoni biyu.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne Dragon Quest V na 1992, aikin Yuji Horii. Kana yaro ka ƙwaci wani ɗan damisa daga hannun yara masu cutar shi. Sai a kashe mahaifinka a gabanka, ka yi shekara 10 cikin bauta. Da ka kuɓuta, wasu ƙauyawa su ɗauke ka aikin korar dabbar da ke ɓarnar gonakinsu. Ashe shi ne, ya girma, yana gadin takobin mahaifinka cikin kogo. Daga baya za ka samu dodannin da suka fi shi ƙarfi, amma cire shi daga ayari sai ka ji kamar cin amana. Lissafin ƙarfi bai iya sa wannan.

Pokémon ya fito a watan Fabrairu 1996 a kan Game Boy, da halittu 151. Satoshi Tajiri ya gina shi a kan kamun ƙwari da ya yi yana yaro, don haka labarin siriri ne: ka tara, ka yi musaya da aboki, ka ci gasa. Ya karɓu ƙwarai, ba musu. Pokémon Go na 2016 ma ya cika wayoyi alhali kusan babu labari.

To amma a 2010, cikin Black da White, kamfanin Game Freak da kansa ya kawo wani saurayi mai suna N, mai jin maganar Pokémon, yana tambaya ko daidai ne a kulle su cikin ƙwallo a sa su faɗa. Tambayar ta dace da ɗan wasa kai tsaye, don abin da yatsunsa ke yi ke nan. Haushina shi ne sun ji tsoron ta. A ƙarshe sai aka nuna uban riƙonsa Ghetsis maƙaryaci ne mai son mulki, aka wanke mu, muka koma kamu kamar ba a ce komi ba. Da sun bar N da gaskiyarsa ko rabi ne, da ƙwallon ya yi mana nauyi a hannu.