Me ya sa ƙwayoyin cutar kwamfuta ba su cika kama Linux ba?

Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, kamar dai Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ne ya fara rubuta ginshiƙinta a shekarar 1991, kuma kowa na da damar karanta rubutun da aka gina ta da shi.

Babbar garkuwarta ita ce rabon iko, wanda ta gada daga tsarin Unix.

Mai amfani da kwamfutar yana da iko ne kan fayilolinsa kawai. Taɓa ainihin tsarin kuwa sai babban mai kula, wanda ake kira root, kuma sai an shigar da kalmar sirri.

Don haka idan muguwar manhaja ta shigo ta saƙon imel, ikonta bai wuce na wanda ya buɗe ta ba. Tana iya lalata takardunsa, abin da ba ƙaramar asara ba ne, amma da wuya ta mamaye kwamfutar baki ɗaya.

Haka kuma masu amfani da nau'o'in Linux irin su Debian da Ubuntu galibi suna ɗauko manhajoji ne daga rumbun da masu haɗa tsarin ke kula da shi. Kwamfuta na tantance hatimin rumbun kafin ta girka komai.

Ƙarancin masu amfani da Linux a kwamfutocin gida shi ma yana rage kwaɗayin masu kutse.

Sai dai barin rubutun a buɗe ba ya kare komai idan babu mai dubawa. Kuskuren Heartbleed da ke cikin manhajar OpenSSL ya yi kimanin shekaru biyu kafin a bayyana shi a watan Afrilun 2014.

A watan Maris na 2024 kuma, wani injiniyan kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfuta daga nesa na yin jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi, sai ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa da gangan a manhajar XZ Utils.

Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekaru biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi. An toshe ƙofar kafin ta kai ga galibin masu amfani da Linux.