Guzurin Iyali Zuwa Wuraren Shaƙatawa: Abinci Mai Rahusa Inda Babu Firji

Gabatarwa

A lokutan bukukuwan Sallah da hutun makaranta, magidanta da dama daga ƙauyuka da garuruwa kan ɗebi iyalansu zuwa wuraren shaƙatawa, irin su Gidan Zoo na Audu Bako da ke Kano, ko filin wasannin yara na Magicland da ke Abuja. Bayan kuɗin mota da na shiga da na hawa lilo, abin da ya fi cin aljihu shi ne abinci, domin farashinsa a irin waɗannan wurare yakan ɗara na kasuwa. Tafiya da guzuri daga gida tana rage wannan nauyi, sai dai galibin matafiya ba su da firji a hanya ko a masauki. Saboda haka wajibi ne a tsara guzurin bisa saurin lalacewarsa: mai laima a ci shi da wuri, busasshe a bar shi zuwa ƙarshe.

Dalilin lalacewar abinci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta suna hayayyafa cikin sauri a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma ta yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a fili fiye da awa 2. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta rage wa'adin zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. A Kano kuwa, zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa ba kusa ba.

Dafaffiyar shinkafa tana buƙatar kulawa ta musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kawar da ita baki ɗaya, idan shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye sai ta saki guba mai sa amai, wadda ɗumame ba ya kashewa. Irin wannan abinci yana iya cutarwa alhali bai yi wari ko yami ba.

Rukunin farko: abin da za a ci da wuri

Dafa-duka, shinkafa da wake, taliya, ɗanwake, alale, dafaffen ƙwai, nono da kunun aya duk suna saurin lalacewa. A dafa su da asubar ranar tafiya, a zuba a kula tun suna tururi, a rufe sosai, kuma a ci su da zarar an isa. Kada a ajiye ragowa domin dare. Ya fi alheri a dafa daidai cikin iyali.

Rukuni na biyu: abin da za a haɗa a wurin

Wannan rukuni ne ya fi dacewa da abincin rana, kuma shi ya fi rahusa. A tafi da garin rogo, dakakken ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, yaji, albasa da tumatir kowanne daban, sai a yi kwaɗo a lokacin da za a ci. Haka kuma ana iya cin gurasa da ƙuli-ƙuli, ko burodi da kifin gwangwani, muddin za a cinye kifin da zarar an buɗe. Lemo, ayaba, gwaba da kankana kada a yanka su sai an zo sha, domin ɓawonsu kariya ne.

Rukuni na uku: busasshen guzuri

Kilishi, dambun nama da ya soyu ya bushe, soyayyar gyaɗa, aya, dabino, cincin, dubulan, alkaki, nakiya da dakuwa suna iya kwanaki ba su lalace ba idan an killace su a mazubi mai murfi, nesa da laima. Su ne abincin yamma da na hanyar komawa gida, kuma su za a dogara da su a rana ta biyu ga masu kwana. A zubar da gyaɗar da ta yi funfuna, sannan kada a ba yaran da ba su kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya guda-guda, gudun shaƙewa.

Sanyaya abinci da ruwan sha

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi ruwan leda da ya daskare a jera cikin kula: da safe ya yi aikin ƙanƙara, da rana ya narke a sha. A ajiye kular a inuwa, a rage buɗe ta. Tukunya-cikin-tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana adana tumatir da ganye a gida kafin tafiya, amma sanyinta bai isa ya tsare nama ko dafaffen abinci ba.

Tsafta da matakin gaggawa

A tafi da sabulu da buta domin wanke hannu kafin cin abinci, musamman bayan zagaya kejin dabbobi da hawa lilo. Idan yaro ya fara gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko an ga jini a bayan gida, ko yaron ya galabaita, a garzaya da shi asibiti mafi kusa.

Kira ga jama'a da hukumomi

Ana shawartar magidanta da su bincika tun kafin tafiya ko wurin da za su ya yarda a shiga da abinci, domin ƙa'idoji sun bambanta. Haka kuma ana kira ga dagatai, masu unguwanni, shugabannin makarantu da jami'an duba-gari na ƙananan hukumomi da su isar da waɗannan bayanai ga jama'a kafin lokutan bukukuwa, musamman ga masu shirya tafiyar ɗalibai, inda tukunya ɗaya ke ciyar da yara masu yawa.