BABI NA UKU: SAUYE-SAUYEN KAYAN AIKIN DAFA BURUKUTU A AREWACIN NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin kayan aikin da mata masu dafa burukutu a gida suka yi amfani da su, tun kafin zuwan Turawa har zuwa ƙarshen ƙarni na 20. Manufar ita ce a nuna cewa waɗannan mata ba su karɓi kowane sabon kayan aiki ido rufe ba. Sun ɗauki wanda ya rage musu wahala ko ya ƙara musu riba, suka kuma riƙe na gargajiya a matakin da suka ga sabon zai ɓata musu sana'a.

3.1 Kayan Aikin Gargajiya

Burukutu giya ce mai kauri da tsami wadda ake yi da dawa, wani lokaci kuma da gero. Duk da cewa Musulunci ya haramta ta, kuma jihadin 1804 ya ƙara ƙarfafa wannan hani a biranen ƙasar Hausa, dafa ta bai gushe ba a tsakanin Maguzawan Kano da Katsina da Zazzau, da kuma al'ummomin Filato da kudancin Kaduna. Ana shan ta a wajen gayya da bukukuwa da tsafe-tsafe. Nazarin da Joseph Greenberg ya wallafa a 1946 kan Maguzawan Kano, da wanda Robert Netting ya wallafa a 1964 kan Kofyar na Filato, sun nuna matsayinta a rayuwar waɗannan al'ummomi.

Aikin yakan ɗauki kimanin mako guda. Da farko akan jiƙa dawa a randa, a tsame ta, a baza a rufe har ta yi tsiro. Daga nan sai a shanya, a niƙa a dutsen niƙa ko a daka a turmi. Akan dama garin da ruwa, a dafa a manyan tukwanen ƙasa ana juyawa da muciya, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa. Bayan ya huce sai a zuba a tulunan da zai nuna a ciki. Ludayi da ƙwarya da ƙoƙo su ne kayan awo da na sha. Abin lura a nan shi ne, dukkan waɗannan kayayyaki a gida ake samun su, daga hannun magina tukwane da masassaƙa da masu gyaran ƙwarya.

3.2 Zuwan Garwa da Ganga

Mulkin mallaka ya sauya kasuwar burukutu ta hanyoyi biyu. Na farko, yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita shigo da barasar Turai cikin wasu yankunan Afirka, kuma Turawan Ingila sun sa Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa ita. Na biyu, haƙar kuza a Filato da isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911 sun tara leburori masu karɓar lada a hannu. Ta haka abin da a da ake dafawa domin gayya ya zama haja ta sayarwa a sansanonin ma'aikata da unguwannin baƙi.

Tukunyar ƙasa ba ta iya biyan wannan buƙata ba, domin tana da nauyi, tana jinkirin ɗaukar zafi, ga saurin fashewa. Idan ta fashe a kan murhu, mace ta yi asarar dawa da itace da aikin kwanaki. Saboda haka masu sana'ar suka koma ga garwar kananzir domin ɗibar ruwa, da gangar mai domin dafuwa. Ganga ɗaya tana cin kimanin lita 200, kuma akan yanke ta biyu a ɗora a murhu. Daga baya tukunyar dalma, wadda maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarfe, ta shigo ita ma.

Sai dai ganga ta zo da nata illar. Tsamin burukutu yana cin ƙarfe, tsatsa ta shiga cikin abin sha. A kudancin Afirka, inda aka daɗe ana dafa giyar gargajiya a gangunan ƙarfe, likitoci sun danganta wannan al'ada da taruwar sinadarin ƙarfe a hantar mashaya. Haka nan kuma gangar da ba a wanke ragowar mai ko guba daga cikinta ba tana iya cutar da jama'a.

3.3 Injin Niƙa da Roba

Babu kayan aikin da aka yi maraba da shi kamar injin niƙa, wanda ya bazu a ƙauyuka a rabi na biyu na ƙarni na 20. Niƙan da kan cinye wa mace da 'ya'yanta yini guda ya koma aikin 'yan mintoci. Ba sai ta mallaki injin ba, kuɗin niƙa kawai za ta biya, don haka ko mai ƙaramin jari ta amfana. Robobi da jarkoki kuwa sun maye gurbin tulu wajen ɗaukar kaya zuwa kasuwa, saboda rashin nauyi da rashin fashewa.

A wannan zamani ne kuma giyar kwalba ta shigo gasa. Kamfanin Nigerian Breweries ya fara fitar da Star a Legas a 1949, ya kuma buɗe masana'anta a Kaduna a 1963. Bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin giya suka koma sayen dawa, wato suka shiga kasuwar hatsi ɗaya da matan ƙauye. Abin da ya tsare burukutu shi ne arharta, wannan kuwa ya sa dole mai dafawa ta yi lissafi kafin ta sayi kowane sabon kaya.

3.4 Abin da Bai Sauya ba

Duk da waɗannan sauye-sauye, mata da yawa sun ci gaba da zuba dafaffen ruwan a tsohon tulun ƙasa domin ya nuna. Dalili shi ne, jikin tulu yana da ƙananan ƙofofi da ke riƙe ƙwayoyin yis na dafuwar baya, kuma yana tsatsafar da ruwa ya sanyaya abin da ke ciki. Sabon tulu ko wankakkiyar roba ba su da wannan gado, sai an haɗa da ragowar tsohuwar giya. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Haka kuma ƙwarya ta ci gaba da zama abin sha a gidajen burukutu.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa ƙarfe ya karɓi matakin dafuwa, inji ya karɓi niƙa, roba ta karɓi dako, amma tulu ya riƙe matakin nuna. Babi na gaba zai duba yadda ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wadda ta fara daga jihar Zamfara a 1999, ta shafi wuraren da ake gudanar da wannan sana'a.