Birnin Ho Chi Minh: Wuraren da fatake za su iya ziyarta kafin su kamo hanyar gida

Ho Chi Minh shi ne birni mafi girma a ƙasar Biyetnam, kuma cibiyar kasuwancinta, ko da yake fadar gwamnati tana Hanoi, can arewa. Tsohon sunansa Saigon. An sauya shi a 1976 don tunawa da jagoran gwagwarmayar 'yancin ƙasar, amma har gobe mutanen gari Saigon suke cewa. Abin da ke kai 'yan kasuwarmu yankin ba ɓoyayye ba ne: Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen sarrafa kashu, kuma tana sayen ɗanyensa daga Afirka ta Yamma, har da Najeriya. Idan an gama ciniki, sau da yawa yini ɗaya ko biyu ke rage wa bafatake, ga kuma yadda zai ci moriyarsu.

Wanda yini ɗaya kacal ya rage masa, ya fara da Fadar 'Yanci. A nan shugaban Biyetnam ta Kudu yake zaune, kuma ƙofarta ce tankar yaƙin dakarun Arewa ta ɓalle a ranar 30 ga Afrilu, 1975, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin. An bar ɗakunan taro da maɓoyar ƙarƙashin ƙasa kusan yadda aka same su, da taswirori da tsofaffin wayoyin tarho. Tafiya kaɗan da ƙafa sai gidan adana kayan yaƙi, inda aka jere jirage da tankokin Amurka a tsakar gida. Hotunan da ke sama, musamman na yaran da aka haifa da nakasa sanadiyyar gubar da aka fesa wa dazuzzuka, suna da nauyi a zuciya. Labarin ɓangare ɗaya ne, na wanda ya ci yaƙi, amma ganinsa ya fi jin sa.

Babban gidan waya da Faransawa suka kammala a 1891 yana nan yana aiki, daura da tsohuwar majami'ar Notre-Dame. Rabin sa'a ya ishe su.

Ga Musulmi, babbar tambaya ita ce salla da abinci. Babban masallacin birnin yana kan titin Dong Du, a tsakiyar gari, kuma Musulmin kudancin Indiya ne suka gina shi a 1935. A kula, alƙibla a can tana wajen yamma ne, saɓanin gabas da muka saba da ita, kuma agogonsu ya riga namu da sa'a shida. Naman alade ya shiga yawancin abincin titi, hatta burodin da ake cusa wa nama. Kalmar "heo" a jikin allon mai abinci tana nufin alade. Mafita ita ce titin Nguyen An Ninh, inda gidajen abinci na halal suka yi layi saboda baƙi 'yan Malesiya.

Titin yana gab da kasuwar Ben Thanh, wadda aka buɗe a 1914, mai hasumiyar agogo a bakin ƙofa. Kasuwar baƙi ce, farashin farko na yaudara ne, kuma wanda ya saba taya kaya a Kantin Kwari ba zai sha wuya ba. Mai neman sari kuwa, gara ya wuce kasuwar Binh Tay a unguwar Cholon ta Sinawa. Kuɗinsu dong, sifili ya yi masa yawa, kuma takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗi-shuɗi ne, sai an duba da kyau kafin a miƙa.

Wanda ke da yini na biyu ya nufi Cu Chi, tazarar da ta kusa ta Kano zuwa Gwarzo. Ramuka ne da mayaƙan sari-ka-noƙe suka haƙa da hannu, masu tsawon fiye da kilomita 200, da ɗakunan girki da na jinya a cikinsu. An faɗaɗa wasu saboda baƙi, duk da haka a tsugune ake tafiya, mai ƙiba ko ciwon gwiwa ya tsaya daga sama.

Damina tana kamawa daga Mayu zuwa Nuwamba, ruwan kuma ya fi sauka da yamma. Babura sun cika titi, ana tsallakawa ne a hankali ba tare da ja da baya ba, kuma ba a riƙe waya a bakin hanya saboda masu fizge. Filin jirgin Tan Son Nhat yana cikin gari, amma cunkoson yamma kan mayar da gajeriyar tafiyar ta kai sa'a guda. Babu jirgin da ke zuwa Najeriya kai tsaye, sai an yada zango a wurare irin su Doha ko Dubai ko Istanbul, don haka a bar masauki da wuri.