Karanta Min da Ƙarfi

Rubutun talla a Yamai a gidan rediyo ya yi wayo. Tun daga Rediyo Nijar ta 1958, wadda ta koma Muryar Sahel a 1974, mai haja kan kawo takardarsa da Faransanci, mai gabatarwa ya juya ta Hausa da Zabarmanci. Magabatanmu kuwa sun saba da gyaran jama'a, domin tun 1962 akwai ƙungiyoyin masu saurare da ke taruwa su ji shiri, su tattauna, a naɗi bakinsu a mayar gidan rediyo. Tarbiyyar da muka tarar ke nan.

Na shigo sana'ar bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da tashoshi masu zaman kansu suka fara ɓullowa, R&M a 1994, Anfani a 1995. Ƴan kasuwar Katako da na Wadata kowa na son a ji shi, mu kuma ba wanda ya koyi abin a aji.

Tallata ta farko ta sabulu ce. Na cika ta da yabo, na kai wa wani dattijo da ya tsufa gaban makirufo. Bai karɓi takardar ba.

"Ɗana, karanta min da ƙarfi."

Ya lumshe ido har na gama, sannan ya ce, "To, ina shagon yake?"

"Baba, ai na faɗa a tsakiya."

"Ban ji ba. Matar da ke daka ba za ta ajiye taɓarya ta nemi biro ba."

Bai ce tallar ba ta yi ba, bai kuma rubuta min wata ba. Abin da ya shiga kunnensa ya faɗa, da abin da ya ɓace, ya bar min aikina. Na ji zafi, har na so in kare kaina, amma da daddare na mayar da kwatancen shagon ƙarshe, na maimaita shi sau biyu.

Zuwan Celtel a 2001 da kamfanonin salula da suka biyo baya ya kawo kuɗi da tsari. Sai dai sau da yawa mai duba rubutunka Faransanci yake ji, fassara yake gyarawa, Hausar ta fito a sandare. Shi ya sa muka riƙa kai kaset fada, a sa wa matasa ana dafa shayi. Can muka gane "ya yi daɗi?" tambayar banza ce, don kara ba ta barin mutum ya kushe ka ido da ido. Sai mu ce, "Me aka ce ka saya? Nawa ne?" Shirun da ya biyo baya shi ke nuna inda aka yi tuntuɓe.

Yaran yanzu, har da waɗanda suka fito daga makarantar IFTIC, sun fi mu kayan aiki, amma suna ba ni tausayi. Yaro ya tura rubutu a WhatsApp, a yi ta jero masa babban yatsa, ba wanda ya nuna masa layi guda. In suka turo min, kira nake yi, in ce a karanta, in lumshe ido.