Yadda ake karanta takardun hatsarin jiragen saman yaƙi wajen binciken tarihin iyali

A gidaje da dama na ƙasar Funtua da Malumfashi akwai labarin kakan da ya tafi Yaƙin Hitila bai dawo ba, ko wanda ya yi aikin lebura a filin jirgin Kano, ko wanda ya ce da idonsa ya ga jirgi ya sauka a gona. Irin wannan labari yana da inda za a gwada shi, domin sojan sama na Ingila ba ya barin jirgi ya lalace ba a rubuta ba.

Dalilin da ya kawo jiragen ƙasar Hausa shi ne shigar Italiya yaƙi a 1940, wadda ta toshe wa Ingila hanyar Bahar Rum. Sai aka koma sauke jirage cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a haɗa su, a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da Khartum har zuwa Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma zuwa ƙarshen 1943 fiye da jirage 5,000 sun bi hanyar. Funtua da Malumfashi suna yamma da layin da ya haɗa Kaduna da Kano. Matuƙan wancan zamani kan bi layin dogo da ido, a Zariya kuwa dogon ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Funtua da Ƙauran Namoda. A hazon hunturu ɓatan kai ba abu ne mai wuya ba.

Takarda ta farko da mai bincike zai nema ita ce Fom 1180, katin hatsari da ke ajiye a gidan tarihin sojan sama na Ingila a Hendon, Landan. Katin ɗan ƙarami ne, an cika shi da hannu: kwanan wata, nau'in jirgi da lambarsa, rundunarsa, sunan matuƙi da yawan sa'o'in da ya yi yana tuƙi, sai taƙaitaccen bayanin abin da ya faru da ra'ayin manyansa. Lambar jirgin ita ce mabuɗi. Wanda ya same ta zai iya bin jirgin a Fom 78, katin da ke nuna duk inda aka tura shi, da kuma Fom 540, littafin da kowace runduna da kowace tasha ke rubuta al'amuran yau da gobe. Wannan na ƙarshe yana Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew, ƙarƙashin AIR 27 da AIR 28 da AIR 29. Fayilolin waɗanda suka mutu ko suka ɓata suna AIR 81.

Gajerun haruffa ne ke fi ruɗa mai karatu. Daga 1941, “Cat. A” na nufin ɓarnar da za a gyara a wurin, “Cat. B” sai an ɗauke jirgin zuwa ma'aikatar gyara, “Cat. E” kuwa jirgin ya tashi daga aiki. Duk wannan hukunci ne a kan ƙarfe. Jirgi kan zama “Cat. E” matuƙinsa ya fito da ƙafafunsa, haka kuma farfela kan kashe mutum a ƙasa jirgin bai yi komai ba. “SOC” kuwa ranar da aka soke jirgin daga lissafi ce, wadda kan zo makonni bayan hatsarin. Masu bincike da yawa sun ɗauke ta a matsayin ranar mutuwa, sun yi kuskure. Sannan a kula da kwanan wata: Bature na Ingila da ya rubuta 3/4/42 yana nufin 3 ga Afrilu, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris. Wannan ya shafe mu, domin Amurkawa ma sun bi hanyar Kano, kuma rahoton hatsarinsu, Fom 14, daban yake.

Sai dai a faɗi gaskiya, waɗannan katuna ba don kakanninmu aka yi su ba. An yi su ne don jirgi da matuƙinsa. Manomin da ya fara isa wurin, da dagacin da ya sa aka tsare tarkacen, da leburan da suka ɗauko injin zuwa tashar jirgin ƙasa, da wuya a ga sunansu; in an ambace su, sai da jimla. Inda za a fi sa ran samun suna shi ne Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, cikin fayilolin Lardin Katsina da ake kira KATPROF. Abin da ya faru a ƙauye yakan hau ne daga dagaci zuwa hakimi, zuwa Sarki da Di'o, zuwa Razdan, kuma batun diyyar gona ko ladan aiki ba ya yiwuwa sai da suna. A nemi rahoton shekara na gunduma, a kuma tuna cewa Funtua ƙasar Maska ce, don haka da sunan Maska za a iya samun fayil ɗin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, ita ma abin dubawa ce, ko da yake labarin yaƙi a lokacin sai an tace shi.

Ga wanda kakansa soja ne, hatsarin na iya zama can Bama. A 1944 an ɗauki bataliyoyi na 6 da 7 da 12 na Rundunar Nijeriya aka haɗa su da dakarun Chindit da ke yaƙi a bayan layin Japanawa, inda abinci da harsashi da kwashe masu rauni duk ta sama suke. A nan rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ita ce mafari. Tana intanet kyauta, ta ƙunshi waɗanda suka mutu daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947, kuma waɗanda ba a san kabarinsu ba a Bama an rubuta su a allon tunawa na Rangun da ke Taukkyan. Rajistar kan ba da lambar soja da runduna da ranar mutuwa, ba ta faɗin sanadi. Sai an ɗauki ranar an gwada ta da littafin rundunar jiragen da suka yi jigila a wurin.

Akawun da ya ɗauki soja yakan rubuta sunansa haɗe da sunan garinsu, kuma yadda kunnensa ya ji. Saboda haka a gwada Funtua da Funtuwa, a gwada Malumfashi da harafin “l” biyu, a gwada Bakori da Ɗanja da Ƙanƙara ba tare da lanƙwasa ba. In lambar yabo ko takardar sallama ta rage a adakar gida, a fara kwafe lambar sojan da ke jikin takardar kafin a tafi Kaduna.