Sarkin da Ya Ƙi Shiga Cikin Gida: Nazarin Fitowar Farko a Wasan Idifus

Akasarin masu nazarin wasan Sarki Idifus na Sofokilis sukan garzaya kan batun ƙaddara, su ce ai mutum ne da aka rubuta zai kashe ubansa ya auri uwarsa, shi ke nan. Fitowar farko ba ta goyi bayan wannan gajeren karatu ba. Kisan da auren duk sun auku shekaru kafin wasan ya soma. Abin da ke gaban mai kallo shi ne shawarwarin da sarki yake yankewa da kansa.

Ana kyautata zaton an fara nuna wasan a Atina wajen shekarar 429 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan annobar da ta afka wa birnin a 430. In haka ne, 'yan kallon farko sun san warin abin da ake nuna musu: mutanen Tibis, birnin da Idifus ke sarauta, yara da tsofaffi, zaune a ƙofar fada riƙe da rassan roƙo naɗe da ulu, amfanin gona ya lalace, dabbobi na mutuwa, mata na ɓari. Idifus bai turo ɗan aike ba, da ƙafarsa ya fito. Tun kafin a roƙe shi ma ya riga ya aiki Kiriyon, ɗan'uwan matarsa, zuwa wurin bautar Afolo a Delfi.

Inda wasan ya ƙullu shi ne dawowar Kiriyon. Ya tambayi sarki ko su shiga ciki, ko ya faɗi saƙon a gaban jama'a. Sarki mai wayon mulki da ya ja shi zaure. Idifus ya ce a faɗa kowa ya ji, domin damuwar talakawansa ta fi masa tasa. Da jama'a suka ji cewa sai an kori wanda ya kashe tsohon sarki Layus annobar za ta lafa, maganar ta fita daga hannunsa. Ya ɗau alkawarin bincike a bainar jama'a, daga baya ya tsine wa makashin, ya kuma haɗa da kansa idan da saninsa mutumin yana gidansa. Saboda haka lokacin da makahon boka Tirisiyas ya nuna cewa Idifus ne makashin, babu sauran hanyar rufa-rufa. Kyawawan halayensa ne suka ɗaure shi, wato tausayi da saurin zartarwa, ga kuma yarda da kaifin basirar da ta taɓa ceton Tibis.

Marubuci Ola Rotimi, da ya mayar da labarin zuwa ƙasar Yarbawa a 1968, ya fara ne daga haihuwar Odewale, wato madadin Idifus, da duban boka Baba Fakunle. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa ɗalibi bin labari, amma a ganina ya sa ƙaddara ta riga mutum shiga fage. Shi kuwa Sofokilis bai bari an ambaci duban da aka yi wa Layus cewa ɗansa ne zai kashe shi ba sai da sarki ya gama ɗaure kansa da bakinsa.